Kududdufin Asibi Mai Daddawa

Asibi 'yar gindin duwatsun Doguwa ce. A can ta tashi, a wani ƙauye da itatuwan ɗorawa suka fi gidaje yawa, kuma tun ba ta iya ɗaurin zane sosai ba ta iya wankin kalwa. Daddawa uwarta take yi, kakarta ma haka. Jibrin mai jakuna, wanda yake zuwa sayen kalwa yana kaiwa Bebeji, a bakin tukunya ya fara ganinta tana fifita wuta da faifai, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ya yi ta zuwa ciniki a gidan da bai fi sauran gidaje arha ba, har iyayenta suka gane ba kalwa kaɗai ke kawo shi ba.

Da aka ɗaura aure ya kawo ta Bebeji, suka sauka a gidan wani ɗan'uwansa a unguwar Marina. Ba su daɗe a can ba. Ranar da ta fara buɗe daddawarta bayan ta kwana a rufe, maƙwabta suka aiko a ce wa Jibrin ya yi wa matarsa magana. Abin ya ba Asibi mamaki, domin ita tun da ta zo warin baba da tokar rini suke hana ta cin abinci, ba ta kuwa aika wa kowa ba. Jibrin ba ya son ce-ce-ku-ce. Ya je ya gaida dagaci, ya roƙi wurin kafa bukka, aka nuna masa wani tudu a cikin ganuwa wanda ba komai a kansa sai sabara da suri. Marina tana gabas da shi, Maƙera tana yamma.

A garin a wancan lokaci ba bango ko turke ne yake raba unguwa da unguwa ba, ruwa ne. Kowace unguwa tana da kududdufinta, ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidajensu. Inda ruwan rariyar gidanka ya gangara da damina, nan ce unguwarka. Can za ka ɗebi ƙasar yaɓe, can za a kira ka yasa idan ruwa ya ƙafe, mai unguwar can ne zai tsaya maka ran suna da ran aure, mutanen can ne za su ɗauki gawarka. Sunan unguwa kuwa yakan bi sana'ar masu ita, ko wata bishiya, ko wanda ya fara zama. Idan gardama ta tashi a kan wani gida, ba a dogon zance. Sai a jira ruwan farko na shekara, dattawa su zuba ƙaiƙayi a bakin rariya, su bi shi da ƙafa har inda ya tsaya.

Gidan Jibrin ba wanda ya taɓa zuba masa ƙaiƙayi, domin ba wanda ya neme shi. Idan iska ta kaɗo daga can, mutanen ƙasa sukan toshe hanci su ce, "Tudun Daddawa ya gaishe ku."

Ɗansu Ubale bai daɗe da fara tafiya ba Jibrin ya dawo daga fatauci da zazzaɓi. Ya kwanta, bai tashi ba. Da hantsi ya cika. Asibi ta goya ɗanta ta gangara Marina, aka yi salati, aka yi mata ta'aziyya, aka ce mutanen Maƙera za su zo, tunda ana jin yamma ruwan gidan yake gangara. Ta haura ta gangara Maƙera, nan ma aka yi salati, aka ce ai Marina ce ta sauke su tun farko, ita ce da haƙƙi. Ba wanda ya ce ba zai zo ba. Kowa dai jira yake ɗan'uwansa ya fara. Ta koma ta zauna kusa da mijinta tana kore masa ƙuda, rana ta yi tsaka, ta karkata. Sai da la'asar wani malami baƙo mai suna Isa, wanda ya taso daga Kiru, ya tsaya a ƙofar gidan neman ruwan sha. Da ya ji abin da ake ciki bai sha ruwan ba. Ya bi unguwannin biyu ƙofa-ƙofa, ya taro mutane, aka yi wa Jibrin sutura kafin faɗuwar rana.

Da ta gama takaba yayyenta suka zo daga Doguwa za su tafi da ita. Ta dafa musu tuwo, ta cika musu burgami da daddawa, ta ce su gaida gida.

Ta ci gaba da sana'arta. Takan dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta juye a masaki ta rufe da ganye, in ta tashi ta kirɓa ta cura ta shanya. Tata baƙa ce wuluk, ba yashi, kaɗan take isar miya. Har daga Badafi ake aiko saye. Waɗanda suke toshe hanci ma da ita suke kaɗa miyarsu.

Wani hali ta ɗauka tun daga ranar nan. Duk wanda ya shigo gari bai da masauki, in labari ya iske ta, sai ta aika a ce masa akwai fili a tudu. Malam Isa ne ya fara dawowa da iyalinsa, ya kafa rumfar karatu da ta salla. A'isha Bafulatana da mijinta suka zo bayan ciwo ya ƙarar musu da shanu. Wani majemi ya zo daga Tudun Wada, shi ma wari ne ya kore shi daga inda ya fara sauka. Bala soja ya zo bayan yaƙi, da akwatin ƙarfe da tari. Suka haɗu suka haƙa rijiya. In an haihu a tudu, Asibi ce a kan jego. In an yi rasuwa, kafin mata su gama salati maza sun tafi haƙa, domin kowa ya san Inna Asibi za ta fito ta tsaya a ƙofar gida ta zuba ido har sai an ɗauka.

Haka suka zauna shekara da shekaru, ba su da mai unguwa, ba su da kududdufi. Ƙasar yaɓe ma sai sun roƙa.

A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin gyaɗa ta yi daraja. Aka gyara hanyar mota, ta biyo ta ƙofar da ke kusa da tudun, masu sayen gyaɗa suka rataya sikelinsu a gindinsa. Wurin da da ba wanda ke so ya zama wurin da kowa ke ratsawa. Gidaje suka ƙaru, wasu har da soro. Girman mai unguwa kuwa yawan magidantansa ne.

Wata safiya bayan an gama kaka, Asibi tana zaune a ƙofar gida tana jera daddawa a faifai, sai ga Mudi mai unguwar Marina, dogo, hannayensa shuɗi har gwiwa, ya sha babbar riga. Sa'anta ne, kuma tun da can yake tsokanarta da cewa ƙauyensu ya fi kusa da Zazzau, saboda haka abokiyar wasansa ce.

"Salamu alaikum. Bazazzagiya tana nan?"

"Bazazzagiya tana Zazzau. Mai unguwa, yau hancin naka ya warke ke nan?"

"Zuwa na yi in gaida mutanena."

"Mutanenka? A ina ka ajiye su?"

Ya yi dariya ya tsuguna, ya ɗauki daddawa ɗaya ya sansana kamar turare. "Asibi, ke fa tamu ce. A Marina kika fara shan ruwan garin nan."

"A Marina aka fara korata dai."

"Tsohon zance. Wa yake tuna wannan?"

"Wadda aka kora. Ajiye mini kayana in ba saye za ka yi ba."

Bai yi nisa ba mai unguwar Maƙera ya aiko da goro, a gaida mutanensa na tudu. Kafin Juma'a magana ta kai gaban dagaci, kowa yana cewa tudun nasa ne. Malam Isa ne ya je ya saurara, ya dawo ya same ta a zaure.

"Inna Asibi, dagaci ya yanke. Ya ce a jira ruwan farko, a zuba ƙaiƙayi gida-gida."

Ba sai an yi mata bayani ba. Tudun nan kamar bayan jaki yake. Ruwan gidajen gabas Marina yake tafiya, na yamma Maƙera. Rijiya za ta faɗa wata unguwa, rumfar salla wata. A'isha da Bala, da katanga ɗaya ta raba su, kowa zai sami nasa mai unguwar. Mutanen da suka yi shekaru suna ɗaukar gawar juna za su zama jelar unguwanni biyu, kowane rabi a ƙarshen layin wasu.

Ta murza kalwa a tafin hannu. Can ta ce, "Malam, in tambaye ka. Kududdufin Marina, Allah ne ya haƙa shi ko mutane?"

"Komai da ikon Allah ne. Amma hannun mutane ne."

"Na Maƙera fa?"

"Shi ma."

"To mu kuturta muka yi?"

Malam Isa ya dube ta, ya shafa gemu, ya ce, "Haƙa ba wuya. A ina? Ruwa ba ya hawa sama. Wuri ɗaya ne ya faɗa a duk tudun nan, ke ma kin san shi."

Ta san shi. Garkarta ce, wani ɗan kwari da ke kudu da gidanta, inda take shuka kuɓewa da rama da barkono, wurin da ya ciyar da ita shekarun da daddawa kaɗai ba ta isa ba. Kuma shi ne wurin da ta yi wa Ubale alkawari. Ya zama magidanci, yana aikin ɗinkin buhu wajen masu gyaɗa, matarsa tana da ciki, ya riga ya fara tara azara zai gina nasa sashen a can.

Da yamma ta kira shi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai, zo ka zauna. Garkar nan zan bayar a haƙa."

"Wace garkar, Inna?"

"Guda nawa gare ni?"

Ya zauna a bakin turmi. "Inna, azarata tana jingine a can. Ke kika ce in gina."

"Ni na ce. Yanzu kuma ni na ce ka haƙura."

"Don me? In an ce mu na Marina ne, sai me? Tuwonmu za a hana mu? Mutanen nan da kike wa wannan, gobe wani ya sami wuri a bakin hanya ya tashi, ko sallama ba zai yi miki ba."

"Ya tashi lafiya."

"Ni kuma in gina a ina? A kan kududdufin?"

"Ka rushe rumbun baya ka gina a nan, kusa da ni. Ko warin ne kai ma ya ishe ka?"

Ya tashi ya fita, kwanaki yana gaishe ta a tsaye. Amma ranar da aka sa za a fara, shi ya fara fitowa, ya kwashe azararsa da kansa ya jingine a bayan gida, ya cire dangar garkar, ya ɗauki diga.

A tsakiyar rani aka fara. Maza sukan fito bayan sallar asuba su yi ta sara har rana ta yi zafi. Ƙasa ta bushe kamar dutse, sai an jiƙa ta da yamma kafin ta saru da safe. A'isha da tsofaffin mata suka ɗauki jan ruwa daga rijiya, matan da ba sa fita suka karɓi girki. Asibi ta ɗora babbar tukunyar kalwa, wannan karon da tuwo, ta zuba wa miyar kuka daddawa ba awo. Ƙasar da aka fitar ba a zubar ba. Malam Isa ya sa aka kwaɓa ta da ciyawa aka yi tubali, aka jera a rana, don a tayar da masallaci a wurin rumfa.

Labari ya kai Marina. Mudi ya haura da sandarsa, ya tsaya a bakin ramin yana leƙe.

"Sannunku da aiki. Kabarin giwa ake haƙa?"

Bala soja ya ɗago daga ciki. "Wurin wankanka ne, mai unguwa. Mun ji an ce shuɗin nan ba ya fita a naku."

Mudi ya wuce wurin dagaci ya kai ƙara, ya ce wannan zamba ce, ana so a karkatar da shaida tun kafin ta zo. Dagaci tsoho ne mai jinkirin magana. Ya ce shi abin da ya gada, a bi ruwa inda ya tafi. Bai gaji cewa kada a haƙa rami ba. Ya ƙara da cewa in Mudi ya san wanda ya hana kakansa haƙa na Marina, ya kawo sunansa.

Rami ya yi zurfi, ya yi faɗi. Gidajen yamma da na tsakiya ba su ba da wahala ba, aka ja musu magudana ta bi lungu ta faɗa kwarin. Gidajen gabas ne aiki. Sai an tsaga ƙashin bayan tudun kafin ruwansu ya juyo. Aka fara tsagawa, aka kai ƙugu, sai diga ta yi tsalle ta dawo. Marmara ce, ja, shimfiɗe a ƙarƙashi. Ubale ya sara har bakin digar ya lanƙwashe, abin da ya ɓantare bai cika tafi ba.

Ga bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Mutane suka fara karaya. Majemi, wanda gidansa ne na ƙarshe a gabas, ya jefar da kwandonsa ya ce, "Ni fa in ruwana ya tafi Marina, ba wuta ya tafi ba. Gonata tana jira, ko sharar fari ban yi ba." Wasu suka gyaɗa kai.

Asibi ta zo ta tsaya a bakin tsagin, ta dubi marmarar. A ƙauyensu na gindin dutse ta ga yadda ake fasa dutse idan ya tare haƙar rijiya. Ta juya ta ce a biyo ta. A bayan ɗakinta akwai tarin itace da ya kai tsayin katanga, ƙirya da marke, wanda take tarawa tun kaka don dahuwar kalwa da damina, lokacin da busasshen ice yake wuya.

"Ku kwashe."

A'isha ta kama baki. "Inna, da me za ki dafa kalwa in ruwa ya sauka?"

"In ruwa ya sauka ma ji."

Aka jibga itacen a kan marmara aka cinna wuta. Ta ci yini guda, ana ƙara mata, zafinta ya hana kowa matsowa. Da ta zama garwashi aka janye shi da fartanya, mata suka jero da tuluna, aka sheƙa ruwan rijiya a kai. Dutsen ya yi ƙara kamar an harba bindiga, tururi ya tashi, Bala soja ya kwanta rub da ciki kafin ya tuna inda yake. Aka yi ta dariya har da masu hawaye. Da tururi ya lafa sai ga marmara ta dare. Majemi ya koma ya ɗauki kwandonsa ba wanda ya ce masa komai. Sai da aka maimaita wutar har itacen ya ƙare tas, sannan tsagi ya ratsa.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ɗaga yayi, aka fara yayyafi, sannan aka tsuge. Kafin rariyoyi su cika, dagaci ya hauro da malafarsa, masu unguwa biyu suna biye, wani dattijo yana rungume da ƙwaryar ƙaiƙayi a ƙarƙashin riga. Duk tudun ya fito. Matan cikin gida suna leƙe ta kan katanga.

Daga yamma aka fara. Aka zuba ƙaiƙayi a rariyar gidan farko, ya bi sabuwar magudana, ya karya kwana, ya faɗa garkar Asibi da ta zama rami. Mai unguwar Maƙera ya bi gida biyu, a na uku ya ce shi ya gani, ya nemi zaure ya fake. Mudi kuwa bai bar ko ɗaya ba. Ya tattare rigarsa a kafaɗa, yana taka laka, yana bin ƙaiƙayi kamar wanda akuyarsa ta tsinke.

Aka zo gidan majemi. Ƙaiƙayi ya fito ya bi tsagi, ya kai daidai inda aka fasa marmara, ya tsaya yana juyi wuri ɗaya. Ruwa ya taru, ya fara neman tsohuwar hanyarsa ta gabas. Ba wanda ya yi motsi, domin ba a taɓa ruwa da hannu ko da ƙafa in ana bin sa. Asibi tana tsaye da faifai a ka, ruwa yana bin wuyanta, leɓenta yana motsi. Sai wani ruwan ya ƙaro daga sama, ya tura na gaba, ƙaiƙayin ya miƙe ya ratsa tsagin, ya gangara kudu. Guɗa ta tashi daga bayan katangu, gida ya karɓa wa gida.

Mudi ya share fuska ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ya yi wa dagaci sallama ya kama hanyar gabas, wadda ta bi ta bayan gidan Asibi. Bai yi nisa ba aka ji muryarsa.

"A kawo ƙaiƙayi! Ranka ya daɗe, a kawo ƙaiƙayi!"

Aka zagaya. A gindin katangar madafarta akwai wata 'yar kafa da ba ta fi shigar hannu ba, wadda aka huda tun zamanin Jibrin don zubar da ruwan wankin kalwa. Tsakar madafar ta cika, ruwa yana fita ta nan siriri, yana bin gangare. Duk ranin nan an auna gidan kowa, an leƙa bayan kowane ɗaki. Gidan Asibi mai gayya kaɗai ba a zagaya ba, tunda babbar rariyarta a bakin ramin take, kowa yana gani.

Aka zuba. Ƙaiƙayi ya bi gangare bai ko waiwaya ba, sai kududdufin Marina.

Mudi ya dawo yana haki, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "Ranka ya daɗe, a ba su tudunsu, na yafe. Ni Asibi kawai nake so. Gidanta namu ne, ruwa ya faɗa."

Ubale ya yunƙuro. "Wannan ai ba rariya ba ce, kafar ruwan kalwa ce!"

Dagaci ya ɗaga masa hannu, ya juya ga uwar. "Asibi, me kika ce?"

Ta durƙusa a cikin laka. "Ranka ya daɗe, ruwan madafata ne, kuma can yake bi tun zuwana. Mantawa na yi da shi. Amma na tsakar gida da na ɗakuna, kowa ya ga inda ya shiga."

Dagaci ya daɗe yana duban katangar. Sannan ya ce shi bai taɓa ganin gida mai bin unguwa biyu ba, amma ruwa bai yi ƙarya a gaba ba, bai yi a baya ba. Tudu ya zama unguwa mai kanta, da kududdufinta. Iyakarta da Marina kuwa ta bi ta cikin gidan Asibi, tsakanin turmi da murhu. Ɗakuna na tudu ne, madafa ta Marina ce, kuma duk shekara madafar za ta ba da hannu ɗaya ran yasar kududdufin Marina, kamar kowane gida.

"Wane suna za a kira unguwar?" in ji shi.

Malam Isa ya ce in an bi al'ada, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin ita ce da suna, a ce Unguwar Asibi. Mutane suka amsa. Ita kuwa ta girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, muna da suna. Su suka raɗa mana, suna toshe hanci. Shi nake so su riƙa faɗa a gabanka da hannunsu a ƙasa."

Aka bar shi Tudun Daddawa. Bala soja aka naɗa mai unguwa, Malam Isa ya zama liman a masallacin da aka tayar da ƙasar garka. Ramin dai ba wanda ya nemi izininta, Kududdufin Asibi kowa yake ce masa. Daminar nan ba ta dafa kalwa ko sau ɗaya ba, ba itace. Gidajen tudu suka riƙa aiko mata da kwano, tana karɓa tana ƙorafin miyarsu ba daddawa.

Ubale ya gina sashensa a wurin rumbu. Da ya kwaɓa ƙasar yaɓe ya ɗebo cikin hannu zai toshe kafar madafa, ta hana shi. Ta ce an riga an yi shaida a gaban mutane, ba za a wayi gari a ce ta goge ba.

Da rani ya zagayo, mai shela ya bi Marina yana kiran yasa. Ubale ya ɗauki kwando zai tafi a madadin madafa, ta karɓe. Ta ɗaura ɗamara, ta gangara ita kaɗai. Mazan Marina suna cikin laka har gwiwa suka ɗago suka ga tsohuwa a bakin kududdufi da kwando a ka. Mudi ya taho da sauri yana yarfe hannu.

"Haba Asibi! Wasa fa nake. Koma gida, na ɗauke miki."

"Kai ka ɗora mini da za ka ɗauke? Dagaci ne ya ce hannu ɗaya. Ga shi na kawo."

"To ki aiko ɗanki mana. Me za a ce da ni a gari?"

"Shi ɗan Tudun Daddawa ne, a ɗaki yake kwana. Ni ce mai madafa. Cika mini."

Ya duba hagu ya duba dama, ba wanda ya cece shi, sai dariya ake ƙunshewa. Ya sunkuya ya zuba mata laka kaɗan a gindin kwando.

"Mai unguwa, haka kuke yasa a nan? Shi ya sa naku yake cikewa. Zo ka ga namu."

Ya cika shi fal. Ya kama mata ta ɗora a ka, ta haura gaɓa a hankali, ƙafa bayan ƙafa, ta juye a kan tarin, ta dawo ta miƙa masa kwandon.